Sawun da Ya Fita Daga Shagon Sauƙi

Ranar da keken ɗinki ya ɓace daga shagon Sauƙi, kwana aka yi ana ruwa, gari ya waye duk taɓo. Ina tsaye a kan benci ina rataye labulaye a bakin rumfata, sai na ji hayaniya ta tashi daga ƙasan layi. Kafin in sauko labarin ya riga ya iso. An shiga wa Sauƙi ta ƙofar baya, ba a fasa kwaɗo ba, ba a kuma taɓa komai ba sai keken nan na hannu, baƙi mai zanen furanni ruwan gwal.

Layin gwanjo muke ce wa wurin. Yanzu babu shi, an rushe an gina shaguna masu gilashi, inda mutum ke jin kunyar tambayar farashi. A zamaninmu kuwa, duk abin da ɗan Adam ya yi amfani da shi ya ajiye, a layin nan yake samun sabon gida: kujeru, tukwane, gadon jariri, rediyon da sai an ɗan mare shi yake magana. Ƙaramin ma'aikaci zai shigo yana shafa aljihu, ya fita da kayan ɗaki cikakke. Uwa ta zo da 'ya'yanta a jere, ta tufatar da su duka da abin da ba zai sayi riga ɗaya a kanti ba. Ni labulaye da zannuwan gado nake sayarwa. Da hannuna nake wanke su in goge, har mai saye ya yi ta jujjuyawa yana neman inda tsufan ya ɓuya.

Sauƙi shi ne mai shago mafi girma a cikinmu. Sunan ya samo shi ne daga bakinsa, don ko nawa ya faɗa maka, da "ai na yi maka sauƙi" zai rufe. Mutum ne mai fara'a, amma komai a wurinsa na sayarwa ne. Mukan tsokane shi cewa da za a taya hular kansa da kyau, da kai ba hula zai koma gida. Yayarsa tana da rumfar kwanuka da tangaran kusa da tawa, kowa a layin Yaya yake ce mata.

Da na isa shagon, na tarar an zagaye Dogo, mai turin baron layinmu. Yana zaune a kan baronsa, hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

"Ga sawun takalminsa nan a baya," in ji wani. "Wa bai san facin tayar nan da ke dunduniyarsa ba?"

"Kuma shi nake aika da makulli," in ji Sauƙi.

Dogo ya ɗaga kai. "Na sayar da takalmin nan tun makon jiya."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Shugaban layi ya ce in har la'asar ta yi keke bai fito ba, za a kira 'yan sanda. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ko an sake shi daga baya, ba mai ƙara ɗora kayansa a baron wanda aka taɓa kira ɓarawo, ga shi da mata da yara. Mu ma kanmu ba mu tsira ba, don dama akwai masu cewa kayan sata muke sayarwa.

* * *

Babana yana zaune a inda ya saba, a kan wata kujerar katako a gefen rumfata. A gandun daji ya yi ƙuruciyarsa da girmansa, yana bin sawun mafarautan da suka shiga ba izini da dabbobin da suka ɓace. Da gwiwa ta gaza, mahaifiyata kuma ta rasu, na ɗauko shi ya dawo wurina. Bai iya zaman gida ba, shi ya sa kullum tare muke fitowa. Mutanen layi Mai Sawu suke kiransa. Ba ya yawan kallon fuskar mutum, ƙafa yake kallo. Sau da yawa zai gaishe da mutum da sunansa tun bai ɗago kai ba.

Na ba shi labari. Ya saurara, ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa.

"An tattake wurin?"

"An fara."

"To mu je kafin a gama."

A bayan shagunan akwai wani siririn lungu da ba a zuba masa siminti ba, ya bi ta gefen kwata ya fita kan kwalta. Baba ya roƙi mutane su ja da baya. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya fara tafiya a hankali ta jikin bango, ni ina biye. Sawun a fili yake, babban takalmi, ga facin dunduniya kamar jinjirin wata. Ya shigo daga bakin lungu, ya koma. Na komawar ya fi nutsewa.

"Ke, taka nan kusa da shi," in ji Baba. "Yi tafiyarki yadda kika saba."

Na taka. Ya duba nawa, ya duba wancan.

"Dogo in ya yi taku ɗaya, wannan sai ya yi biyu," ya ce a hankali, don ni kaɗai. "Dubi gaban takalmin, bai danna ƙasa ba. Ƙafar da ke ciki ba ta kai can ba."

Ya ci gaba har bakin kwalta, inda sawun ya ƙare. A nan ya durƙusa da ƙyar, ya sa yatsa ya bi gefen wani taku na hagu. Na tambaye shi abin da ya gani. Ya ce in taimaka masa ya miƙe.

* * *

Wurin mai takalma muka fara zuwa. Yana zazzage buhunansa a kan leda, yana haɗa kowane takalmi da ɗan'uwansa.

"Gaskiya Dogo ya faɗa," ya ce. "Ya kawo mini su, na ba shi na makaranta ƙanana don 'yarsa. Na faɗa a can, ba wanda ya saurare ni. Cewa suka yi abokina ne."

"Suna ina yanzu?" in ji Baba.

Mai takalma ya tona tarin, ya zaro su. Ya juya su a hannu, fuskarsa ta canza. An wanke su tas, har cikin facin, kuma a jiƙe suke.

"Ni dai ban wanke ba. Jiya a bushe na sa su a buhu."

"Buhun a ina ya kwana?"

"Baba, ka ga yadda hadarin jiya ya zo ba sallama. Kowa ya kama mini, aka jefa buhunan a rumfunan da ke kusa. Wani a wurin 'yarka, wani a wurin Yaya, wani a wurin mai gyara. Da safe na kwaso na juye wuri ɗaya. Wanne ya fito daga ina, Allah ne masani."

Baba ya juyo ya kalli ƙafafuna.

"Har ni, Baba?"

"Buhu ɗaya a wurinki ya kwana."

"To me ka gani?"

"Ke tun kina rarrafe na san sawunki. Ko satar sukari ba ki iya ɓoyewa ba." Ya mayar wa mai takalma kayansa. "Ajiye su gefe, kada ka sayar yau."

* * *

Mai gyara ɗan ƙaramin mutum ne, kullum da tabarau a kan hanci da baƙin mai a yatsu. Shi ke tayar da duk abin da ya mutu a layin, daga agogo har fanka. Kowa ya san sun yi cacar baki da Sauƙi a kan keken nan, kuma ƙafarsa ƙarama ce. Tun kafin mu zauna ya fara kare kansa.

"Na so shi, ban musa ba. Irinsa ba a yi yanzu. Ƙarfe ne zalla, jikanka ma zai ɗinka da shi. Na taya, ya ce ya riga ya yi wa Maman 'Yan Biyu alkawari. Na ji haushi, na faɗi maganganu. Amma sata? Ni da wuyana ko bokitin ruwa ba ya ɗauka?"

"Ka duba keken da kyau?" in ji Baba.

"Na duba. An riƙe shi da mutunci. Mariƙin nan na katako har ya lotsa daidai babban yatsa, ka san hannu ɗaya ne ya juya shi shekara da shekaru. Na tambayi Sauƙi inda ya samo shi, sai ya canza magana."

"Ya saba yin haka?"

"Sauƙi? Ai shi ko cokali ya saya sai ya ba ka tarihin gidan da ya fito. Wannan ne kaɗai bai ba da labarinsa ba."

Baba ya ce ya ɗan miƙo masa ruwa daga randar da ke can ƙarshen rumfar. Mai gyara ya tashi ya je ya dawo. Baba ya bi ƙafafunsa da kallo, ya karɓi ruwan ya kurɓa.

"Kwantar da hankalinka," ya ce. "Wanda ya ɗauki keken nan a ka ya ɗora shi. Sawun bai karkata dama ko hagu ba, a miƙe yake, ƙafa na bin ƙafa. Kuma takun gajere ne, duk tsawonsu ɗaya, kamar akwai abin da ke tare ƙafar. Zani ne."

Na so a ce Baba ya rage murya. Akwai masu tsaye a bakin rumfar, kuma magana a layinmu ba ta buƙatar mota.

* * *

Kafin azahar kowa ya ji cewa mace ce. A daidai lokacin kuma Maman 'Yan Biyu ta shigo layin, da gammo a hannu, ta zo ɗaukar kekenta.

Mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ta koyi ɗinki a wurin wata maƙwabciya, amma sabon keke ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Tun da ta ga wannan take zuwa tana leƙa shi, ta shafa murfinsa, ta tafi. Wanki da guga ta yi ta yi wa mutane har abin ya haɗu. Ranar ce aka yi za ta karɓa.

Ba ta san komai ba sai da ta ga ana nuna ta.

"Ga gammon ma a hannunta."

"Ta ga ba za ta iya biya ba, ta haɗa baki da Dogo."

Ta tsaya a tsakiyar layi, ta dubi wannan ta dubi wancan. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "In na ɗauka da asuba, me na dawo nema da rana?"

Ba wanda ya janye. Baba ya matsa kusa da ita.

"'Yata, raka ni wurin mai shayi. Ƙafata ba ta da ƙarfi."

Ta kama masa hannu suka tafi, ina bayansu. Na ga yana kallon ƙasa. Tafiyarta mai sauri ce, a kan yatsu, ta macen da kullum akwai abin da ta bari a kan wuta. Da suka zauna ya tambaye ta sunayen yaran, da abin da za ta fara ɗinkawa. Ta ce kayan makaranta, don iyaye ba sa daina nema.

"Baba, ni ba keken ne ya fi damuna ba yanzu. A unguwarmu gidajen mutane nake shiga in yi wanki. In wannan maganar ta isa can, wa zai ƙara buɗe mini ƙofa?"

"Ba za ta isa ba," in ji shi. "Sha shayinki."

* * *

Saura rumfa ɗaya. Yaya tana zaune a kan 'yar kujerarta a bayan tarin kwanuka, tana goge wani faranti da ya riga ya gogu. Ranar ta makara, abin da ba ta saba ba. Da ta iso ta tarar an tsare Dogo, ita ce ta aika masa da ruwa, ta kuma ce a bar bawan Allah ya je ya nemi abincinsa. Ba wanda ya kula, don dama an san ta da tausayi.

Baba ya gaishe ta, ya zauna a bakin benci.

"Ya jikin Innarku?"

"Da godiya. Tsufa ne."

"Tana gane mutane?"

"Wata rana ta gane, wata rana ta tambaye ni ko 'yar wace ce ni." Ta ajiye farantin, ta ɗauki wani.

"Buhun mai takalma ya kwana a nan?"

"Ya kwana."

"Kin ji ƙaninki ya ce za a kira 'yan sanda."

"Na ji."

Baba ya jira. Ta ci gaba da goge farantinta. Wata mata ta zo tana taya tukunyar da ke can saman tari, Yaya ta ce ta sauko da ita da kanta ta duba. Muka yi sallama muka tafi.

"Tun da ta zo ba ta tashi daga kujerar nan ba," in ji Baba da muka yi nisa. "Yaya da ba ta iya zama. Je ki aro mini tsintsiya."

* * *

A gaban rumfar shugaban layi akwai fili, ƙasarsa da sauran danshi. Baba ya sa na share shi, na lailaye ƙasar ta yi sumul. Sannan ya aika a kira Sauƙi, da Dogo, da mai gyara, da mai takalma, da Maman 'Yan Biyu, da Yaya. Ya ce ni ma in fita in shigo kamar kowa. Sauran jama'a suka tsaya daga gefe, suna leƙe ta kafaɗun juna.

Ɗaya bayan ɗaya muka ratsa filin muka zauna. Yaya ce ta zo ƙarshe, sai da aka aika mata sau biyu.

Baba bai dubi kowa ba. Ya zagaya filin da sandarsa, ya tsaya, ya dawo ya zauna.

"Takalmin na Dogo ne a da," ya ce. "Amma mu nan mun fi kowa sanin cewa kaya na canza hannu. Rigar da ke jikin shugaba ma wani ya riga shi sawa."

Aka ɗan yi dariya. Shugaban ya gyara wuyan rigarsa.

"Takalmi ana aro, tafiya ba a aro. Wadda ta shiga lungun nan da asuba tana da makulli, ba ta yi lalube ba. Ta ga taɓo ya yi yawa, ta ɗauki takalmi a buhun da ya kwana a wurinta. Da ta gama ta wanke shi ta mayar, don ba ta saba riƙe kayan mutane da datti ba. Ƙafarta ta hagu tana ɗan buɗewa waje, tana shafar ƙasa kafin ta sauka, irin ta wanda gwiwa ta taɓa ba shi wahala. Na gani a lungu, na kuma gani a nan yanzu." Ya ɗora haɓarsa a kan sanda. "Ba zan nuna kowa da yatsa ba. Ban ga tafiyar ɓarawo a sawun nan ba. Ɓarawo sauri yake, yana waiwaye. Wannan a natse ta tafi, kamar mai ɗauke da jariri. Amma akwai mutum biyu a nan da ake ci wa mutunci tun safe, kuma la'asar ta kusa."

Sai Yaya ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Ni ce."

Sauƙi ya zabura. "Yaya?"

"Zauna, Auta." Ta juya wajen Dogo. "Kai zan fara roƙo. Na zo na tarar da kai a tsare, na buɗe baki ya fi sau nawa, na kasa. Ina ganin in na yi magana na tona asirin gidanmu a kasuwa. Na bar ka da kunyar da ba taka ba. Ka yafe mini. Ke ma, Maman 'Yan Biyu."

Sannan ta fuskanci jama'a.

"Keken Innarmu ne. Da shi ta ciyar da mu bayan rasuwar mahaifinmu, da shi ta kai Auta makaranta. Yanzu idonta ya tafi, hankalinta yana zuwa yana komawa. Ya zo ya ɗauka, ya ce mata gyara zai kai. Tun ranar kullum sai ta tambaya ko an dawo da shi. Ta daina cin abinci sosai. Ta zauna tana juya hannu a iska. Na zo na gan shi a shago an rufe da buhu. Na roƙe shi, ya ce ya riga ya yi alkawari, kuma wai ai Inna ba ta san abin da take yi ba."

Sauƙi ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryarsa ba irin ta ciniki ba ce.

"Ba ta ɗinki, Yaya. Ƙura kawai yake sha. Na ga ga mai buƙata, ga maganin Inna da ake saye kullum. Ban zaci za ta tuna ba."

"Da ka ga babu shi da safe, ba ka yi tunanina ba? Wa ke da ɗaya makullin?"

Ina jin ya yi tunanin, ya ga Dogo ya fi sauƙin zargi.

Shugaban layi ya ce maganar 'yan sanda ta mutu. Ya sa Sauƙi ya tashi a gaban kowa ya ba Dogo haƙuri, waɗanda suka yi dariya da safe su ma suka bi layi. Dogo bai ce komai ba sai "ya wuce". Ya kama baronsa zai tafi, mai kujeru ya kira shi ya ce akwai kaya, wani ma ya ce in ya dawo ya biyo ta wurinsa.

Maman 'Yan Biyu tana zaune da gammonta a cinya. An wanke ta, amma ba keke.

"Zo mu je ki ga Inna," in ji Yaya.

* * *

Gidan ba nisa. Muka tafi da Baba, Sauƙi yana biye a baya kamar wanda aka ja da igiya. A hanya na tambayi Baba ko tun a lungu ya gane.

"Na yi zato. Shekara nawa tana wuce ni safe da yamma? Amma zato ba ya isa a kira sunan mutum. Kuma bakin da ya faɗa da kansa ya fi saurin warkewa."

Tun daga tsakar gida muka ji ƙarar keken. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, taga ɗaya. Inna tana zaune a kan tabarma, keken a kan ɗan teburi a gabanta. Babu zare a allurar. Ta sa wani tsohon ƙyalle a ƙarƙashi, hannun dama yana juya mariƙi, na hagu yana tura ƙyallen a miƙe, ba ya kaucewa ko kaɗan. Kusa da ita ga kwanon abinci, ta cinye.

Maman 'Yan Biyu ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Sannan ta ce wa Yaya a hankali, "Ko kyauta aka ba ni ba zan fitar da shi daga ɗakin nan ba."

Yaya ta ce, "Ba sai ya fita ba. Ni ina kasuwa tun safe, ita kaɗai take wuni. Ki riƙa zuwa da ɗinkinki nan. Abin da kika tara ki sayi yadi da zare."

Haka kuwa aka yi. A ɗakin nan Maman 'Yan Biyu ta ɗinka kayan makarantar rabin unguwa, Inna a gefenta tana laluba ɗinkin da yatsa, in ya karkace ta buge mata hannu. Bayan rasuwar Inna, Dogo ne ya tura keken a baro zuwa gidan Maman 'Yan Biyu, Sauƙi bai karɓi komai ba.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne ranar nan ta farko, lokacin da za mu fita. Sauƙi ya shigo ya durƙusa a gefen tabarma. Inna ta ji motsin namiji, ta tsayar da hannu.

"Wane ne?"

Ya ƙara matsowa kusa da ita.

"Mai gyaran ne?" Ta miƙa hannu ta samu kafaɗarsa. "Ka yi aiki, ɗan nan. Ji yadda yake tafiya, kamar ranar da aka kawo mini shi. Ka ɗan daɗe dai, amma ba komai." Ta shafa kan keken. "Autana ne ya kai maka. Ka gan shi ko? Yaron kirki ne. Shi kaɗai ya lura keken yana son gyara."

Sauƙi ya kifa goshinsa a gefen teburin, kafaɗunsa suna rawa. Inna ta ɗan saurara, ba ta gane ba. Ta gyara ƙyallenta, ta ci gaba da juyawa.